Yadda ake ɗaukar hoton Kano bayan gari ya yi tsit

Kano ba ta barci da wuri. Wanda ya fito ƙarfe goma sha ɗaya yana neman titi babu kowa, da hoton cunkoso zai koma gida. A wannan lokaci masu tsire da balangu na Titin Gidan Zoo ciniki suke ba kama hannun yaro, Sabon Gari kuwa ko shirin kwanciya ba ta fara ba. Shirun da nake magana a kai yana sauka ne wajen ɗaya da rabi, ya yi ƙarfi tsakanin biyu da uku da rabi. Daga nan motocin kayan gwari masu nufar 'Yankaba za su fara wucewa, masu rarraba burodi su biyo baya, kafin ka ankara ladan ya ɗaga murya. Awa biyu ke nan a hannunka, kuma ba a ɓata su wajen neman inda za a tsaya.

Saboda haka aikin yana farawa ne da rana. Ka je wurin da la'asar, ka zagaya da ƙafa, ka ga inda kwata take a buɗe, inda za ka kafa kyamara ba tare da ka tare hanya ba, da inda za ka ajiye mota ko babur kana ganinsa. Mafi muhimmanci, ka nemi wanda yake kwana a wurin. Ko'ina a Kano akwai shi: maigadin shaguna, ɗan sintiri, ko mai shayin da ba ya tashi sai dare ya raba. Ka yi sallama, ka durƙusa in dattijo ne, ka ce, "Baba, barka da aiki. Ni mai ɗaukar hoto ne, ina so in dawo cikin dare in ɗauki ƙofar nan lokacin da babu motoci." Yawanci abin da zai ce shi ne, "Ɗana, a cikin daren? Me za ka gani a duhu?" Sai ka ciro waya ka nuna masa irin hotunan da ka taɓa ɗauka. Idan ya ce Allah ya kai mu, ka samu abin da kyamarar miliyan biyu ba za ta ba ka ba, domin in 'yan sintiri suka haske ka da tocila ƙarfe biyu, akwai mai cewa ya san da zuwanka. A lungunan cikin birni har wajen mai unguwa ya kamata ka je.

Kada ka fita kai kaɗai. Ba sai na tsaya yi wa ɗan Kano bayanin ƙwacen waya ba, kuma mai hoto ya fi kowa sauƙin kamu, tunda idonsa na kan allo, hasken allon kuma ya kashe masa ganin gefe. Ku zama biyu ko uku, ɗaya aikinsa kallon hanya kawai. Ka riƙe katin shaidarka a aljihun gaba. Ka tanadi abin hawanka, don a 2022 gwamnatin jihar ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga goman dare zuwa shidan safe, kuma ko babu doka ba ka son tsayuwar jiran abin hawa da jakar kyamara a kafaɗa. Ofishin 'yan sanda, barikin soja, banki, gidan gwamnati, shingen bincike: kada bakin kyamararka ya kalli ko ɗaya. Kewayen fada ma, duk da kyawun zanen bangon Gidan Makama, ba wurin kafa kyamara cikin dare ba ne sai da izinin masu tsaron wurin.

Duba wata, duba yanayi

Ni kafin in duba batir, kalandar Musulunci nake dubawa. Daren sha huɗu wata yana fitowa da magariba, tsakar dare kuma yana bisa kai, haskensa ya zubo daga sama ya shafe inuwa, bango ya fito fili babu armashi. Na fi son daga sha tara zuwa ashirin da biyu. Kullum wata yana ƙara jinkirin fitowa da kusan minti hamsin, to a waɗannan darare sai wajen goma zuwa sha biyu yake leƙowa, ƙarfe biyu kuma bai yi nisa sama ba, haskensa na zuwa ta gefe daga gabas. Irin wannan haske ne yake fito da jikin ginin ƙasa: zaizayar da ruwa ya yi wa badala, sawun hannun magini, ramukan da tsuntsaye suka yi. Ragowar ganuwar da ke bin Titin BUK, daga Ɗan'agundi zuwa Na'isa da Gadon Ƙaya har Kabuga, ɓangare ce ta ganuwar birni da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarni na 12, amma da rana allunan talla da motoci sun danne ta, mutum ya wuce bai ma lura ba. Da dare take samun sarari.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da gari ya fi mutuwa da wuri saboda sanyi, kuma hazo yana yi wa kowace fitila rawani, ƙarshen titi ya narke ya ɓace. Wasu na ganin hazo aibi ne, ni ina ganin kyauta ce, sai dai kada ka kuskura ka canza gilashin kyamara a waje, ƙura za ta shige ta zauna maka a kowane hoto. Damina, musamman Yuli da Agusta, tana wanke iska, kwalta ta jiƙe ta riƙa mayar da haske. Awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa, ka sauke kyamara ƙasa dab da kududdufi, za ka samu ƙofar gari biyu, ɗaya a sama ɗaya a ruwa. Bazara kuwa a bar lungu ya huta. In zafi ya tsananta kuma babu wuta, maza da samari a ƙofar gida suke shimfiɗa tabarma, lungun da ka gani fayau a Janairu zai zama ɗakin kwanan mutane a Afrilu. Goman ƙarshe na azumi ma babu shiru, ga masu tahajjud, ga teloli da janareto har asuba. Hoto ne mai kyau, amma wani hoton ne daban.

Ka bar duhu a matsayin duhu

Nan ne yawancin mutane suke ɓata aiki. Waya da kyamara duk an gina su ne su mayar da kowane hoto mai matsakaicin haske, to in ka bar su da kansu za su ɗaga daren ya koma kamar magariba mai datti, sama ta yi toka-toka, ko'ina ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Hoton dare ba haska dare ake yi ba. Ana neman ɗan hasken da ya rage ne, a auna hoton a kansa, sauran wuri a ƙyale shi baƙi. Shirun da kake ji a kunne, in zai shiga hoto, ta wannan baƙin zai shiga.

Don haka kafin ka taɓa kyamara ka tsaya ka ƙirga fitilun da ke gabanka, ka san irin kowace. Tsofaffin fitilun titi masu ruwan lemo suna yi wa bangon ƙasa kyau ƙwarai. Sababbin masu aiki da hasken rana farare ne fat, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi, kuma da yawansu suna dusashewa bayan tsakar dare in batirinsu ya yi rauni, saboda haka wurin da ka gani tar da ƙarfe tara kana iya tarar da shi dishi-dishi ƙarfe biyu. Akwai koren kwan fitila na wasu masallatai, akwai jan hasken da ke kan dogon ƙarfen kamfanin waya, akwai kwai ɗaya tilo da wani mai shago ya bari a kan ƙofa. Sau da yawa wannan tilon ya fi titi guda mai fitila hamsin ba da hoto. In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki kada ka naɗe kaya, ka jira idonka ya saba, minti goma zuwa sha biyar, za ka ga abin da ya rage: wata, fitilar cajin maigadi, da hasken gidan mai can nesa.

Filasha kuwa a kashe ta tun daga gida. Iyakar abin da za ta haska taku uku ne, ta tashi karnuka, ta kira maka hankalin duk wanda bai kamata ba.

Saitin kyamara

Ɗaukar hoto a duhu kamar tara ruwa ne a famfon da ke ɗiga: bokitin zai cika, amma sai an bar shi ya daɗe, kuma ba a motsa shi. Wato idon kyamara zai zauna a buɗe na sakan da yawa, kuma ko numfashinka ya girgiza ta, hoton ya tafi. Shi ya sa sandar kyamara mai ƙafa uku ta fi sabon gilashi amfani a wannan aiki. Idan babu, ka cika safa ko ƙaramar jaka da shinkafa ko yashi, ka ɗora a kan dakali, katanga ko rufin mota, ka kwantar da kyamarar a kai. Injin motar ya zama a kashe.

Ga inda nake farawa a titin da ke da fitilu: kyamara a kan M (tsarin da kai kake saita komai da hannu), ISO (ma'aunin yadda kyamara take jin haske) 100 ko 200, ƙofar haske f/8 (in lambar ta ƙaru, ƙofar tana ƙara matsewa), lokaci sakan 10. In ɗauka, in duba. Idan kan fitilun ya ƙone ya zama farin dunƙule mai faɗi, in rage zuwa sakan 5. Idan bangon da nake so bai fito ba, in ƙara zuwa 15 ko 20. Lokaci nake taɓawa, ISO yana nan inda yake, domin shi ne mai kawo ɗigo-ɗigon nan. Idan kana son fitilu su yi tsinke-tsinke kamar taurari, ka matse ƙofar zuwa f/11 ka ninka lokacin sau biyu, ko zuwa f/16 ka ninka shi sau huɗu. Inda babu fitila sai wata, dole a sassauta: ISO 800, f/4, sakan 20, daga nan ka gyara gwargwadon abin da ka gani. Ka tuna rabin wata ba rabin hasken cikakken wata yake bayarwa ba, bai fi kashi ɗaya cikin goma ba.

Abubuwa uku ƙanana suna raba hoto mai kaifi da mai hazo-hazo. Kada ka danna maɓalli da yatsa kai tsaye, ka sa jinkirin sakan 2 don girgizar hannunka ta lafa. Ka kashe na'urar hana rawar hannu idan kyamara na kan sanda, don a wasu kyamarori ita kanta takan jawo motsi in ba ta samu abin gyarawa ba. Sannan ka saita gani, wato fokas, da hannu, saboda a duhu kyamara takan yi ta kai da komo ba ta kama komai ba. Ka zuƙo wata fitila mai nisa a allo, ka murɗa zoben har ta zama ɗan ɗigo mafi ƙanƙanta, ka bar shi a nan.

Launi kuma kada ka bar wa kyamara zaɓi, don kowane hoto za ta ba shi nasa. A saitin launin haske (white balance) ka tsayar da shi wajen 3500K zuwa 4000K, ruwan lemon zai lafa bai mutu ba, sama kuma ta ɗan yi shuɗi. Idan kyamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, yi amfani da shi, gyaran launi daga baya zai zo da sauƙi.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. Yawancin Tecno da Infinix da Redmi da Samsung na yanzu suna da sashen Pro, inda za ka sa ISO a mafi ƙanƙanta ka ja lokaci zuwa sakan da yawa, wasu har 30. A iPhone tsarin dare ne yake yin wannan, kuma in ya ji wayar a kafe take ba ta motsi, yana ba da damar kaiwa sakan 30. Ka tsaya a kan babban ido, wato 1x, sauran idanun ba su kai shi shan haske ba. Ka taɓa wuri mafi haske a allo, ka ja ma'aunin hasken ƙasa har sama ta koma baƙa. Ka goge idon wayar da gefen riga mai laushi kafin kowane wuri, maiƙon yatsa shi ne yake sa fitilu su ja dogon jela. In kuma ka ga ratsi-ratsi a kwance a hoton da ka ɗauka da hannu, wutar lantarkinmu ce mai bugun 50 a sakan, ka mayar da lokacin 1/50 ko 1/25, zai ɓace.

Me za a ɗauka

Kowa da gada yake farawa, kuma ba laifi. Gadar Ƙofar Nassarawa da doguwar nan ta Titin Murtala Muhammad suna ba da layuka masu lanƙwasa, in mota ɗaya ta wuce cikin sakan 15 sai ta bar jan zare a hoton, ita kanta ba ta fito ba. Zare ɗaya ya isa. In suka yi yawa hoton ya koma na hayaniya, abin da ka fito gudu ke nan. Shawarata ka ɗauka daga ƙasa. Saman gada babu wurin tsayuwar mai ƙafa, direban dare ba ya tsammanin mutum a wurin, kuma duk sanda babbar mota ta hau, gadar tana rawa, kyamararka ma haka.

Amma hotunan da na fi so ba na manyan wurare ba ne. Ka je bakin layin shaguna a gefen Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, inda da rana ba ka samun wurin sa ƙafa. Ƙofofin ƙarfe a jere, kowace da kwaɗo uku ko huɗu, wani sabo yana ƙyalli wani ya yi tsatsa. Baro-baro an kifa su an zarge da sarƙa ɗaya. Kurar mai ruwa a jingine da jarkokinta babu komai. Teburin mai shayi bayan ya tashi: benci a kife a kan tebur, gwangwanayen madara da ya jera ya rufe da buhu, murhun da bai gama hucewa ba. A sakan 20 jan garwashin da idonka da ƙyar yake gani zai fito sosai ya haska gindin tukunya. Waɗannan su ne suke nuna cewa ɗazu akwai mutane, kuma hoton wuri babu kowa ba ya yin daɗi sai an ga alamar waɗanda suka tafi. Abu ɗaya dai: 'yan kasuwa suna rubuta lambar wayarsu da fenti a jikin ƙofa, to kafin ka sa hoton a intanet ka goge ta ko ka dusashe ta.

Wajen tsara hoton, ka sa fitilar a gefe, kada ta zauna a tsakiya, ko ma ka ɓoye ta bayan ginshiƙi ko reshen darbejiya ka bar haskenta kawai ya zubo. Ka sauke sandar zuwa gwiwa, titi zai yi faɗi, inuwa ta yi tsawo. Kada ka ji tsoron rabin hoton ya zama baƙi ƙirin.

Dutsen Dala yana da daɗin kallo, daga samansa kana gane unguwar da aka ba wuta da wadda aka hana, amma ba wurin hawa ƙarfe biyu ba ne. Ka hau bayan sallar asuba tare da ɗan unguwa, fitilu ba su mutu ba tukuna, gabas ta fara ja, kuma minti ashirin ɗin nan sun ishe ka.

Za ka tarar da mutane suna barci: almajirai a rumfar shago, ɗan dako a cikin baronsa, direba a kan tabarma ƙarƙashin motarsa. Hoton zai yi kyau, na sani, kuma shi ya sa hannu yake ƙaiƙayi. Kada ka ɗauka. Mai barci ba shi da bakin cewa a'a, kuma ba don sha'awa ya kwana a titi ba. In kana son mutum a hotonka, ga maigadi a farke, ka roƙe shi ya zauna kusa da fitilarsa bai motsa ba na sakan biyu, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 don lokacin ya gajarta, ka nuna masa abin da ya fito. Ko ka sa abokin tafiyarka ya tsaya can nesa ƙarƙashin fitila, ya ba da baya.

Bayan an dawo gida

Allon kyamara maƙaryaci ne a duhu, komai yana nuna shi da haske fiye da yadda yake. Tun a wurin ka rage hasken allon, kuma kowane hoto da ka so ka ɗauke shi sau uku, ɗaya yadda ka auna, ɗaya da rabin lokacin, ɗaya da ninkinsa. Kada ka yi gyara a daren. Ka bari sai da safe, a ɗaki mai haske, ido ya huta.

A manhajar gyaran hoto irin su Snapseed ko Lightroom, fara da rage wuraren da suka yi haske da yawa har siffar kan fitila ta dawo. Inuwa kuwa ka ɗaga ta kaɗan kawai, iya yadda za a gane akwai bango a wurin. Ma'aunin da ke rage ɗigo-ɗigo in ya wuce kima yana mayar da bangon ƙasa kamar roba, duk zaizayar da ka jira wata ya fito maka da ita ta shafe, gara ɗan ɗigo da wannan. Idan launuka suka cakuɗe, lemo nan, kore can, shuɗi a gefe, har gyara ya gagara, ka gwada baƙi da fari, sau da yawa a nan hoton yake tsayawa da ƙafarsa. Ka miƙar da ginshiƙai da turakun wuta su tsaya sak, domin sauke kyamara ƙasa yana sa su karkata.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto, kuma hoton dare ya fi kowane shan wahala, baƙin sama sai ya farfashe ya zama tabo-tabo. Ka tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba. In za ka wanke shi a takarda, ka ƙara masa ɗan haske fiye da na waya, don takarda ba ta da fitila a bayanta, kuma ka gaya wa mai wankin tun farko kada injinsa ya yi masa gyaran kansa, in ba haka ba zai ɗauka kuskure ne ya haske maka daren gaba ɗaya.